Hujin leɓe: amsa ga masu cewa ɗaya yake da hujin kunne, da masu cewa sallar mai shi ta ɓaci

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci ɗan Adam ya kyautata surarsa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu bin wannan zaure, tambaya guda ta yawaita a cikin saƙonnin da ke shigowa, daga Maraɗi da Damagaram da Tawa, kuma mafi yawa daga Yamai inda ɗiyanmu ke karatu. Ana tambaya ne game da huda leɓe a saka masa zobe ko barima. Uwaye mata suna cewa ɗiyarsu ta dawo hutu da ƙarfe a baki. Ƴan mata suna cewa ai tun suna jarirai aka huda masu kunne, to ina bambanci? Akwai kuma waɗanda suka riga suka yi, leɓen ya kumbura, suna jin tsoron nuna wa kowa, suna tambaya ko alwalarsu tana nan. Zan amsa duka a wuri guda. Rubutun zai yi tsawo, wanda ya fara ya daure ya kai ƙarshe, domin rabin wannan magana idan aka ɗauke shi shi kaɗai zai cutar.

Hukuncin da nake kai a fili yake: huda leɓe don ado bai halatta ba a ƙasarmu, ga mace ko ga namiji, kuma ga namiji abin ya fi muni. Ga dalili.

Asali a shari'a, jikin mutum amana ne a hannunsa. Ba shi da ikon yanka shi ko huda shi sai da dalilin da shari'a ta yarda da shi, kamar magani, ko kaciya, ko ƙaho. Aya ta 119 a cikin Suratun Nisa'i ta ambaci alwashin da Shaiɗan ya sha na umartar mutane su tsattsage kunnuwan dabbobi kuma su canja halittar Allah. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu la'antar masu yin zanen allura a fata da masu neman a yi masu, da masu goge haƙora su yi wushirya don kyau. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa hadisin da ya hana cuta da cutarwa, wanda malamai suka gina babbar ƙa'ida a kansa. Wannan shi ne asali. Duk wanda ya ce wani huji ya halatta, shi ne zai kawo dalilin da ya fitar da shi daga hani.

Hujin kunnen mace ya fita da dalili. Ibn Abbas ya ruwaito cewa ranar idi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa mata wa'azi ya kwaɗaitar da su ga sadaka, suka riƙa cire ƴan kunnensu da zobbansu suna jefawa a tufan Bilal. Kunnuwan matan sahabbai a huje suke ke nan, Manzon Allah yana gani bai hana ba. Duk da haka malamai ba su saki wannan ƙofa a buɗe ba. Imamul Gazali ya tsananta a cikin Ihya'u har ya hana hujin kunnen yarinya, yana ganin rauni ne mai ciwo wanda babu larura a cikinsa. Ibnul Ƙayyim ya halatta wa ɗiya mace saboda buƙatarta ga ado, ya ƙi shi ga ɗa namiji. Ku duba fa: kunne ma, da ke da hadisi a bayansa, sai da manyan malamai suka yi taƙaddama a kansa. Yau kuma yarinya ƴar lise da ta ga bidiyo uku a TikTok ta zauna ta yi ƙiyasi, ta fitar da hukuncin leɓe daga na kunne cikin daƙiƙa ɗaya!

Masu ɗan karatu daga cikinsu suna kawo hujja mafi ƙarfi, kuma adalci ne a ambace ta. Suna cewa Ibn Abidin, babban malamin Hanafiyya, ya ce hujin hanci yana bin hukuncin na kunne a garuruwan da mata suka saba ado da shi. Gaskiya ne. Matanmu da dama suna da hujin hanci, babu wanda ya tayar da ƙura a kai. To amma ku dubi abin da malamin ya rataya halaccin a kansa: al'adar matan wurin. Sauran masu sassauci kuma sun ƙara sharaɗin kada ya cutar. Mu auna leɓe da waɗannan sharuɗɗa biyu.

Al'ada tukuna. A wace zuriya ta Katsinawan Maraɗi, ko Gobirawan Tsibiri, ko Adarawa, ko mutanen Damagaram aka taɓa saka wa amarya ƙarfe a leɓe? Kayan adon kakanninmu sanannu ne: ƴan kunne, awarwaro, murjani, munduwa, lalle, kwalli, kitso. Akwai al'ummomi a Afirka da suka gāji huda leɓe, irin su Mursi da Suri a Habasha, da Makonde a Tanzaniya da Mozambik, da wasu daga cikin Sara a kudancin Cadi. Gadonsu ne, kuma ba daga gare su ɗiyanmu suka ɗauko ba. Abin da ya shigo mana ta salula asalinsa wasu gungun matasa ne a Ingila da Amurka a shekarun 1970, masu kiɗan da ake kira fank, waɗanda suka riƙa soka fil a fuska da gangan don su firgita iyayensu su nuna sun yi wa al'ummarsu tawaye. Daga baya mawaƙa da masu tallar kaya suka mayar da shi kasuwa. Al'adar da shari'a ke lura da ita ita ce wadda mutanen kirki na gari suka zauna a kanta tsawon zamani. Yayin da ya sauka bara ta waya bai kai wannan matsayi ba, ko da ƴan mata dubu sun yi shi.

Na san abin da za a ce. Za a ce Malam, ina tsagar gado da ke fuskar iyayenku? Ina zanen baƙi da wasu mata ke yi a leɓe da dasashi? Amsata ita ce waɗannan ma ba su da mafaka a shari'a, kuma malaman ƙasar nan sun daɗe suna wa'azi a kansu har tsaga ta ja baya. Ku ƙirga yaran da ke makarantar allo ta unguwarku, nawa ne masu tsaga, sannan ku dubi fuskokin tsofaffin da ke sahun gaba. Wanda aka tsaga yana jariri ba shi da laifi. Amma bayan al'umma ta sha wahala ta bar aska, sai mu koma ga allura don ta zo da sunan zamani?

Sai cutarwa, kuma nan zan daɗe, domin nan ne masu tallar abin suke yin shiru.

Fatar kunne wuri ne busasshe wanda ba ya aiki. Leɓe nama ne mai jijiyoyin jini da yawa, gefensa ɗaya yana waje cikin ƙura da zufa, ɗayan yana cikin baki inda yawu da ragowar abinci da ƙwayoyin cuta suke dare da rana. Kuma ba ya hutawa: da shi ake ci, da shi ake sha, da shi ake magana. Shi ya sa masu wannan sana'a a ƙasashen da take da doka su da kansu suke cewa raunin yana ɗaukar wajen wata biyu zuwa uku kafin ya warke, kuma a kwanakin farko leɓen yana kumbura har sai an saka ƙarfe mai tsawo don kada nama ya haɗiye shi. Bayan ya warke ma magana ba ta ƙare ba. Ɗan faifan da ke riƙe barimar daga ciki yana gogar dasashi da haƙori duk lokacin da baki ya motsa. Likitocin haƙori sun san sakamakon: dasashi ya janye ya bar saiwar haƙori a waje, haƙori ya goge ko ya ɓantare. Dasashin da ya janye ba ya komawa da kansa. Ƙarfe mai araha kuma yakan ƙunshi sinadarin nikel, wanda jikin mutane da yawa ba ya ɗauka, sai ƙaiƙayi da ƙuraje. Ga kuma tabon nan mai tudu da ke ci gaba da girma bayan rauni ya rufe, wanda ya fi kama masu baƙar fata. Kowa ya taɓa ganin macen da irinsa ya fito mata a bayan kunne kamar ƙwallon goro. A kunne kallabi yana rufe shi. A leɓe me zai rufe shi?

Wannan idan an yi da kayan aiki masu tsabta ke nan. A wurinmu wa ke yin hujin? Ƙawa a ɗakin kwanan ɗalibai, ko mai gyaran gashi a bayan shago, da allura guda da aka goga wa alkol ko aka nuna wa wutar ashana. Ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a yankinmu na Afirka ta Yamma, ƙwayarsa tana iya rayuwa mako guda a busasshen jinin da ido ba ya gani. Ta allurar da aka yi wa wani aiki da ita ana ɗaukar ciwon hanta nau'in C, ana ɗaukar sida. Ƙazamin ƙarfe yana kawo tetanos, cutar da ke sandare jiki ta ɗaure muƙamuƙi. A gidan likita tukunyar tururi mai zafin da ya wuce na tafasasshen ruwa ake saka kayan aiki a ciki kafin a taɓa mutum da su, ko a yi aiki da sabuwar allura a jefar. Mai ciwon suga rauninsa ba ya saurin warkewa. Mai lalurar bawul ɗin zuciya kuwa, ƙwayoyin cutar baki suna iya bin jini su sauka a zuciyarsa. Wace buƙata ce ta ado za ta rinjayi wannan duka a ma'aunin shari'a?

Akwai kuma abin da almajiri zai fi kowa ganewa. Haruffa huɗu na Alƙur'ani daga leɓe suke fita: ba, da mim, da wawu daga leɓɓa biyu, fa kuma daga cikin leɓen ƙasa tare da bakin haƙoran gaba na sama. A daidai wannan yanki ake dasa ƙarfen. Mutum ya kumbura mafitar haruffansa da hannunsa, sannan ya tsaya gaban Ubangijinsa sau biyar a yini yana fama da Fatiha.

Game da namiji maganar gajera ce. Malamanmu na Malikiyya sun yarje masa zoben azurfa guda ɗaya a yatsa, wanda nauyinsa bai wuce dirhami biyu ba. Zinariya haramun ce a gare shi. Huda jiki don rataya ado kuwa kamanceceniya ce da mata, wadda hadisin Buhari ya la'anci mai yin ta. Macen da ta ce mijinta ne ya nema, ta sani miji yana da haƙƙin a yi masa ado da abin da ya halatta, ba shi da haƙƙin a cutar da jiki dominsa. Idan abin ya zame masa dole, akwai zobban da ake maƙalawa ba tare da huji ba, a cire su lokacin alwala. A cikin ɗaki tsakanin mata da miji, wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Yanzu na juyo gare ku, iyaye da yayye da masu wa'azin bakin titi, domin ɓarnar da wasunku ke yi ba ta gaza ta masu hujin ba.

An ce da yarinya sallarta ba ta karɓuwa muddin ƙarfen yana bakinta. Me ya biyo baya? Ta bar salla gaba ɗaya, tana cewa tunda ba a karɓa, wahalar me? Wanda ya faɗa mata haka ya ɗauki nauyi mai girma, domin ya yi fatawa ba da ilimi ba, ya fitar da ita daga ƙaramin laifi zuwa mafi girma. A cikin Muhtasar na Shehu Halil, namijin da ya yi salla sanye da alharini ko zinariya ya yi saɓo amma sallarsa ta inganta. Laifin sanya abu daban, ingancin salla daban. Mai hujin leɓe Musulma ce, salla tana kanta, kuma sahun masallaci nata ne kamar kowa.

Ga yadda tsarkinta yake a mazhabarmu. Abin da ke bayyane na leɓɓa idan an rufe baki yana cikin fuska, wanke shi farilla ne a alwala tare da cuɗawa. Cikin baki kuwa kurkure shi sunna ne. Malamai sun bambanta tsakanin adon da aka yi izini da shi da wanda ba a yi ba. Na farko, kamar ɗan kunnen zinariya ko azurfa ga mace, ba dole ne a motsa shi ba. Na biyu dole ruwa ya shiga ƙarƙashinsa: idan yana da sakwa-sakwa a motsa shi, idan ya matse har ya tare ruwa a cire shi. Ƙarfen leɓe yana cikin kashi na biyu, a alwala da wankan janaba da na haila. Idan raunin ɗanye ne kuma ana tsoron cuɗawa za ta ƙara ciwo ko ta jinkirta warkewa, a zuba ruwa a hankali, in hakan ma zai cutar a shafa, kamar yadda ake yi wa kowane rauni. Fitar jini ba ta warware alwala a wurin Malikiyya. Jini ko mugunyar da ta taɓa tufa, in ba ta wuce faɗin dirhami ba, an yi rangwame a kanta. Mai azumi ya tofar da jinin da ya taru a bakinsa, kuma ya yi hattara wurin kurkura, domin idan ruwa ya kuɓuce ya wuce maƙogwaro a azumin farilla sai ya rama wannan yini.

Sannan uban da ya ga ƙarfen ya fusata ya kai hannu zai fizge: ka ji tsoron Allah. Barimar tana da faifai a ciki, zoben kuma a rufe yake. Fizgewa tana yaga leɓen, ka bar ɗiyarka da tabon da ya fi hujin muni har ƙarshen rayuwarta, kai kuma ka ɗauki alhakin rauni. Wajibi ne a cire, amma cirewa tana da hanya.

Idan hujin sabo ne, babu zafi mai tsanani, babu mugunya, a wanke hannu da sabulu a kwance shi a hankali, ko a je gidan likita a cire. Sabon huji yana rufewa da sauri. Idan kuwa wurin ya riga ya harbu, wato kumburin yana ƙaruwa bayan kwanaki maimakon ya ragu, ko ja yana yaɗuwa, ko mugunya rawaya ko koriya mai wari tana fita, ko zazzaɓi ya zo, to kada a cire a gida. Bakin ramin yana iya rufewa ya kulle mugunyar a ciki ta zama ƙurji. A kai ta gidan likita a ranar, lokotoro shi zai ce ga lokacin cirewa. Haka idan nama ya fara haɗiye faifan. In kumburin ya kai ga wahalar haɗiya ko numfashi, ko cikin dare ne a tafi. Barin ƙarfen na ƴan kwanaki bisa umarnin likita larura ce, babu laifi a cikinsa ga wanda ya riga ya tuba.

Kafin raunin ya rufe, ga kulawar da ake yi. A tafasa ruwa a bar shi ya huce, a zuba gishiri kwatan ƙaramin cokali a kofi guda, a kurkure baki da shi bayan cin abinci da lokacin kwanciya, a wanke wajen da shi safe da yamma. Gishirin kada ya wuce haka, yawansa yana ƙona wurin. Kada a taɓa da hannu marar wanki, kada a riƙa juya ƙarfen ko wasa da shi da harshe. Ɗan farin ruwa da ke bushewa a bakin ramin ba mugunya ba ne, a jiƙa shi ya fita da kansa, kada a ɓamɓare. A bar tonka da yaji da kilishi da shayi mai zafi na ɗan lokaci, a koma ga kunu mai sanyi-sanyi da fura. Taba da shisha da goro a ajiye su. Asuwaki a yi shi a hankali. Alkol da turare da man goge haƙori da toka da kanwa, duk kada a saka a raunin. Ƙwayoyin da masu yawo da magani a kan tire cikin rana ke sayarwa kuma, kada a saya a sha da ka. Wanda aka huda da allurar da ba a tabbatar da tsabtarta ba ya faɗa wa lokotoro gaskiya, a duba maganar allurar tetanos, a kuma sa masa lokacin gwajin jini na ciwon hanta da sida. Kunya a nan ba ta da amfani. Tsohon hujin da ya warke aka cire masa ƙarfe, idan ramin ya zauna a buɗe, a riƙa kai masa ruwa a wanka da alwala, ba a kallafa wa kowa ɗinke shi ba.

Wannan gargaɗi na allura ya shafi har hujin kunnen jarirai da muke yi ranar suna ko bayanta. Halaccinsa bai wanke allurar da ta zaga gida biyar ba. Kowace jaririya da sabuwar allurarta, haka kowane yaro da sabuwar rezarsa wurin wanzami.

Ku kuma masu shagon kitso da gyaran gashi da kuka ƙara wannan a cikin sana'arku, kuɗin da kuke karɓa a kansa kuɗin aikin da bai halatta ba ne. Yarinyar da ba ta balaga ba, in kun huda ta ba da sanin waliyyinta ba, laifin ya ninku, kuma abin da ya same ta kuna da lamuni a kansa.

Uwar da ɗiyarta ta dawo da wannan abu, ta fara da duba raunin kafin faɗa. Ta tambaye ta yaushe aka yi, wa ya yi, da wace allura. Ta raka ta gidan likita. Bayan an cire, a zauna a yi maganar abin da ya ja ta, domin sau da yawa ƙawaye ne da waya, kuma ƙarfen shi ne kaɗai abin da ya fito fili. Wadda ke jin nauyin tambaya a cikin zaure ta aiko da saƙo ta hannun malamar makarantar mata, za a amsa ba tare da ambaton suna ba.

Darasin wannan mako yana nan bayan sallar Magariba, za mu ci gaba daga babin shafa a kan rauni da ɗauri, wanda ya zo daidai da wannan magana. Allah ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.